Mai Sunan Mutane

Tun da na dawo daga Zamfara, duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagon ɗinkina tambayarsa ɗaya ce: "Wai Bashir, me ka je nema har Gusau, matarka tana jego?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma na lura kowa ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri. Jiya ma wani ya ce mini ya ji gado na je karɓowa. To ga shi a rubuce, kowa ya karanta ya bar ni in yi wa mutane ɗinkinsu.

Suna na je nema. Ba wai in yi suna ba, a'a, sunan kakana.

Mahaifina, Malam Haruna, ya haura tamanin, ido ya yi rauni, kunne ma sai an ɗaga murya. Yana goye ubansa ya rasu a ƙasar Zamfara, uwarsa ta biyo wanta a jirgin ƙasa suka zo Kano, ba ta sake komawa ba. Abin da ya sani game da ubansa bai cika tafin hannu ba: ana ce masa Nomau, don da damina aka haife shi ana tsakiyar noma, kuma yana kai auduga Gusau. Nomau kuwa laƙabi ne, ba a yanka rago da shi. Sunan yankan, uwarsa kaɗai ta sani, ita kuwa irin matan da ne, ko da wuƙa a wuya ba ta faɗin sunan miji. Baba ya ce sau ɗaya ya taɓa tambayarta, ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Kai, yaron ga ba ka da ta ido." Daga nan bai sake ba.

Iya muke ce wa kakar tamu. Ta yi shekara fiye da sittin a Kano amma harshenta bai bar Zamfara ba. Fura a bakinta hura ce, biyar kuwa biyat, mu jikoki mu yi ta kwaikwayonta tana bin mu da muciya. Tana da wasu maganganu nata na daban. Kyanwa, alal misali, ba ta taɓa ce mata kyanwa ko mage ba. In ta ga ta nufi ƙwaryar nono sai ta ce, "Ku kore mani mai sunan mutane!" Mun ɗauka camfi ne irin na tsofaffi, wai kada a ambaci kyanwa aljanu su ji.

'Ya'yana huɗu duk mata ne. Ranar wata Alhamis Allah ya ba ni namiji. Da na je na gaya wa Baba, sai ya ce, "Ina ma na san sunan ubana." Bai ce in je ba. Amma ni na san Baba, in ya ce ina ma, to abin ya daɗe yana cin sa. Na lissafa, kwana bakwai ne tsakanina da raɗin suna. Ranar Asabar da sassafe ina tasha.

Motar ƙarama ce, mu huɗu a baya inda aka yi don mutum uku. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar Ƙaura da buhun daddawa a kan cinyarta, rabinsa kuma a kan tawa. Kafin mu kai Malumfashi ta san sunan matata da na 'ya'yana da abin da ya fito da ni. Ta ce, "Nomau? Ai ko gidanmu akwai Nomau biyu." Na yi dariya, ban san gargaɗi take yi mini ba. Hira ta yi daɗi har Funtuwa, amma da muka wuce 'Yankara muka shiga ƙasar Zamfara sai motar ta yi tsit. Direba ya kashe rediyo, Hajiya ta ciro carbi. Kowa ya san halin da hanyar nan take ciki, ba sai an faɗa ba. Shingen jami'an tsaro kuwa na daina ƙirgawa. Sai da dutsen Kwatarkwashi ya bayyana a gabanmu sannan direba ya saki ajiyar zuciya ya ce, "To, jama'a, a ci gaba da gulma." Na sauka a Gusau rigata tana ƙamshin miya.

Masaukina gidan Alhaji Sani ne, wani mai sayar da hatsi da muka saba tun yana zuwa kasuwar Dawanau a Kano. Mutum ne mai dariya da dukkan jikinsa, kuma bai ɗauki Bakane a bakin komai ba. Gaisuwa kaɗai ta kusa cinye mana la'asar: lahiya, lahiya lau, ina gajiya, ina gida, ina ɗiya, ina mai jego, a koma a sake daga farko. Aka kawo mini wani abu mai faɗi kamar waina, na ɗauka da laushi, na kai masa cizo da ƙarfin hali, haƙorina ya gaya mini gaskiya. Hoce ke nan, na dawa, gasasshe. Alhaji Sani ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Ba a yi mai gaggawa, Bakane. Marmasa shi a kai, a sa mai da ƙuli." Da aka haɗa mini shi yadda ya kamata, na ci har na ji kunya. Ɗanɗanon tsamin nan kuwa sai ya tuna mini wani abu da Iya take gasa mana a kasko in ta yi kewar gida, wanda mu yaran Kano muke ƙi. Ashe shi ne. Na zauna a tsakar gidan mutane ina kewar tsohuwar da ta rasu shekara ashirin.

Ranar Lahadi Alhaji Sani ya kai ni wurin wani dattijo a tsohon gari, wanda ubansa ya yi malamin awon auduga a zamanin Turawa. Dattijon ya ajiye littattafan ubansa a cikin adaka, a naɗe da tsohon zane, yana buɗe su kamar mai buɗe ciwo. Takardun sun yi ja, rubutun boko ne mai kwanciya. Muka bi layi-layi da yatsa. Can na ga Nomau, na yi kabbara. Dattijon bai ko ɗaga kai ba, ya juya shafi, ga wani Nomau. Kafin azahar mun tara Nomau bakwai: na Tsafe, na Kucheri, na 'Yankuzo, har da wanda aka rubuta Nomau Gajere. Ba ko ɗaya da aka sa sunan yankansa. Dattijon ya ce, "Mai awo ba liman ba ne, ɗana. Abin da mutane ka kiran mutum shi a ka rubutawa." Amma ya ba mu shawara: tunda na ce masa Iya mutuniyar Tsafe ce, mu nemi gidan limamin da ya ɗaura auren, wasu limaman da suna rubutawa.

Litinin muka yi sammako. A nan ne na yi abin kunyar da Alhaji Sani zai riƙa ba da labarinsa har ya mutu. Na nace sai mun fara zuwa Kucheri, don a littafin awo Nomau na Kucheri ne ya fi kowa kawo auduga, ni kuwa na riga na yanke cewa kakana ba ƙaramin manomi ba ne. Muka sami gidan. Ina cewa ni jikan Nomau ne daga Kano, sai gida ya rikice. Aka shimfiɗa tabarma, aka kama zakara aka yanka, wani tsoho ya riƙe fuskata ya ce wallahi ga hancin nan, hancin gidansu ne. Ni ma har na fara ganin kama. Sai da aka ci aka sha sannan na tambayi shekarar da ya rasu. Suka ce ai Alhaji Nomau bai daɗe ba, sai da ya je Makka sau biyu, ya ga tattaɓa kunnensa. Na ajiye ƙashin da ke hannuna a hankali. Da na yi musu bayani, tsohon nan mai maganar hanci bai ko ji kunya ba. Ya ce, "To mi a ciki? Zakara dai ya riga ya mutu. In ba ka samu naka ba, dawo mu ba ka namu."

A Tsafe muka sami jikan limamin unguwar su Iya, shi ma liman ne, mai magana a hankali. Ya shiga ɗaki ya fito da gafaka, ya zaro wasu takardu na ajami da kakansa ya rubuta aure da suna da rasuwa na unguwar. Ba su da tsari, wata takardar ma an rubuta addu'ar ciwon kai a bayanta. Na gaya masa sunan Iya, Zainabu, ana ce mata Abu, da sunan mahaifinta. Ya yi ta juyawa har na fid da rai. Sannan ya tsaya, ya matsar da takardar kusa da ido, ya karanta: an ɗaura auren Abu da Nomau ɗan Bawa majemi, mutumin Bunguɗu, bayan girbi.

Nomau kuma! Har liman. Na ji kamar in yi kuka. Amma Alhaji Sani ya dafa ni ya ce, "Kai ba ka ji ba? Bunguɗu aka ce." Shekara tamanin gidanmu yana cewa mu mutanen Tsafe ne, ashe garin uwa muka riƙe, garin uba yana can yamma da Gusau. Na roƙi liman na ɗauki hoton takardar. Na daɗe ina kallon sunan Iya a rubuce, yarinya ce a lokacin, ba ta san za ta mutu a Kano ba.

Talata, saura kwana biyu suna. Da safe matata ta bugo waya ta ce an kawo rago, kuma Baba tun jiya yake tambaya ko na kira. Na ce ta gaya masa ana kan hanya.

Bunguɗu ba nisa daga Gusau. Muka yi ta tambayar gidan Bawa majemi, matasa suna kallonmu kamar mun tambayi gidan Fir'auna. Sana'ar jima ta mutu a unguwar, inda ramukan suke an yi shagon cajin waya. Wani mai gyaran keke ne ya ce mu je wurin Inna Kulu, in ba ta sani ba to ba wanda ya sani.

Mun same ta a inuwar zaure na ciki, tsohuwa ƙarama kamar a ɗauke ta da hannu ɗaya, ta haura casa'in, ƙwaryar fura da nono a gabanta. Mazan gidan sun tafi gona, sai matan jikokinta. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ni jikan Nomau ne ɗan Bawa. Wannan karon na yi hankali, na ƙara da cewa wanda ya rasu da ƙuruciya, ya bar mata Abu da jariri.

Ta ajiye ludayi. Ta ce, "Haruna na nan da rai?"

Ban gaya mata sunan Baba ba. Na ce yana nan, Inna, ni ɗansa ne.

"La'ilaha illallahu. Ni nig goya shi. Ubana da ubanai uwa ɗaya uba ɗaya. Ran da Abu tat tahi da shi, har bakin hanya nib bi su ina kuka." Ta kamo hannuna ta riƙe, tana shafa shi kamar mai neman wani abu a ciki. Ta ba ni labarin Baffanta Nomau: dogo ne, ba ya son jima don wari, shi ya sa ya koma auduga, yana da wata waƙa da yake yi wa jakinsa. Zazzaɓin kwana uku ne ya ɗauke shi. Na zauna ina jin kakana yana zama mutum a gabana, mai tsawo, mai jaki, mai ƙyanƙyami.

Sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce an yi mini ɗa, jibi suna, Baba yana so a sa sunan ubansa. Mene ne sunansa na yanka?

Sai ta saki hannuna. Ta ce, "Ɗana, ka zaka da nisa, amma ba ni iya hwaɗa maka."

Na ɗauka mantuwa ce. Ta ce a'a, ta sani kamar yadda ta san sunanta. "Ɗana na hwari, sunan Baffa anka sa mai. Bai kai yaye ba Allah ya amshi abinai." Sunan ɗan fari ke nan, kuma kowa ya san mace irin ta da ba ta faɗinsa. Na dubi matan gidan, suka ce su ba su ma san an yi wannan yaron ba. Alhaji Sani ya matso ya ce, "Inna, lalura ta. Ko a kunne ki raɗa mai." Ta girgiza kai. "Bakin da bai hwaɗi ba shekara saba'in, ba yau za ya koya ba." Na ce ko za ta rubuta, ta ce ba ta yi allo mai nisa ba. Muka fara jero sunaye ko za ta ɗaga kai, Abubakar, Usman, Aliyu, ta ce mu bari, ita ba a yi mata wasan yara.

Gaskiya raina ya ɓaci. Na yi kwana huɗu a hanya, na ci zakaran mutane a banza, ga sunan nan a cikin bakin tsohuwa, taku ɗaya tsakanina da shi, kunya ta tare ƙofa. Na kawar da kai don kada in faɗi abin da zan yi nadamarsa. Da na sake dubanta, idonta ya kawo ruwa, na ga ba ƙeta ba ce, ba ta iyawa ne kawai.

Muna cikin haka wata kyanwa fara ta lallaɓo ta bayan turmi ta nufi ƙwaryar nonon. Inna Kulu ta ɗaga ludayi ta ce, "Ke, mai sunan mutane, tahi can!"

Na juyo da sauri. Muryar Iya ce sak, har da yadda take jan ƙarshen. Na ce, "Inna, me kika ce mata?"

Ta ce, "Abu ta hwara shi, matar Baffa. Tun tana amarya ba ta hwaɗin sunan dabbar ga. Dut gidan munka ɗauka."

Alhaji Sani ya dube ni, ya dubi kyanwar, sai ya fashe da dariyar nan tasa. Ya ce, "Kai Bakane, mi kuke ce ma wagga a Kano?" Na ce kyanwa, ko mage. Ya ce, "To mu nan mussa muka cewa."

Na ce, "Musa?"

Inna Kulu ta ja mayafi ta rufe fuska. Daga cikin mayafin ta ce, "Kai kah hwaɗi, ba ni ba."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Alhaji Sani yana dariya, matan gida suna dariya, ni ina share hawaye da hannun riga, kyanwar kuwa ta sami sarari ta sa baki a nonon, ba wanda ya kore ta.

Kafin mu tafi Inna Kulu ta sa aka nuna mana tsohuwar maƙabarta. Ba alamar kabari ko ɗaya, ciyawa ce da 'yan itatuwan sabara. Muka tsaya a gefe muka yi addu'a, karo na farko da na roƙa wa kakana gafara da sunansa. Ta ba ni hoce a ƙulle cikin leda ta ce in kai wa Haruna, in gaya masa Kulu mai goyonsa tana gaishe shi, in Allah bai sa sun gana a nan ba, to sai a can.

Ban gaya wa Baba a waya ba, irin wannan ba maganar waya ba ce, ga shi kuma sai an yi ihu yake ji. Amma na tura wa ƙanena sunan a saƙo na ce ya riƙe, don hanyar da zan biyo ba ta da tabbas, kada sunan ya sake ɓata tare da ni. Laraba da la'asar na iso Kano lafiya.

Na tarar da Baba a kan buzunsa. Na ba shi hocen, na isar da saƙon Kulu, ya riƙe ledar bai buɗe ba. Na ce, "Baba, me Iya take ce wa kyanwa?" Ya yi murmushi ya ce, "Mai sunan mutane." Na ce, "A Zamfara mussa suke ce mata."

Ya maimaita kalmar a hankali. Can ya ce, "Shi ya sa in tana ba mu labarin Fir'auna take cewa Annabi mai sanda." Ya sunkuyar da kai. "Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Kullum tana faɗa mini, kullum, a tsakar gidan nan." Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ran nan, ko ranar da aka binne Iya bai yi a gabanmu ba.

Ranar Alhamis da safe aka yanka rago, liman ya sanar, aka shafa fatiha. Da mutane suka ragu, Baba ya ce a kawo masa yaron. Ya karɓe shi, ya laluba fuskarsa da yatsa, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Musa. Musa ɗan Bawa, Allah ya jiƙanka. Musa ɗan Bashir, Allah ya raya ka." Sannan ya miƙa shi ga uwarsa ya ce, "To, na faɗa. Daga yau Abba za ku riƙa ce masa, ni ba na kiran sunan ubana a tsakar gida."

Yau wata biyu ke nan, ban sake jin sunan a bakin kowa ba a gidanmu. Uwarsa Abba take cewa, yayyensa Abba, har ni. Shekaranjiya na ji babbar 'yata tana korar mage daga kicin tana cewa mai sunan mutane. Da na ga haka sai na sami takarda mai kauri, na rubuta da boko, na sa liman ya rubuta da ajami: Musa, wanda ake ce wa Nomau, ɗan Bawa majemi, mutumin Bunguɗu, ya haifi Haruna, Haruna ya haifi Bashir, Bashir ya haifi Musa, wanda ake ce wa Abba. Na ninke ta na sa a cikin gafakar Alƙur'anin Baba.